Zuwa ga Dogo, a Yamai

Damagaram, daren Laraba

Dogo,

Gaisuwa mai yawa. Ya Yamai, ya uwargida da yara? Na san ka cika ka batse. Muryoyinka uku na nan a WhatsApp, ta ƙarshen ban ma buɗe ba don na san zagi ne. Maganar filin hanyar Tanut da ka ce in gano maka tana raina, zan zo kanta a wata wasiƙar. Bari dai in fara sauke abin da ya tokare mini ƙirji sati uku ke nan. An ɗauke wutar lantarki, kowa ya yi barci, ni kaɗai ne a tsakar gida da tocila da sauro.

Auta ta zo. Ka tuna sati ɗaya suka haihu da Madam, har Inna ta rasa inda za ta sa kanta, aka yi suna nan ta kama mota sai bayan Magarya? To yaran yanzu watansu goma-goma, kuma tun zuwana barka ban sake sa nata a ido ba. In na kira, "lafiya lau, sai godiya", ni ma in ce madalla in kashe waya. Ranar da ta iso, bayan la'asar, ta kwance goyo ta shimfiɗa shi a tabarma kusa da takwaranka. Wallahi sai da na kau da kai. Takwaranka ya rarrafo da cinyoyin nan nasa na 'yan kokawa, yana jan rigar yaron yana neman wasa, shi kuwa ido kawai yake bin sa da shi. Ko kukan kirki ba ya iyawa. Gashi ya yi ja ya yi laushi, fatar ɗuwawu ta saki kamar an sa masa wandon wansa.

Inna ta ce haƙori ne. Madam ba ta tanka ba, gari na wayewa ta ce in tada babur.

A likita suka ɗauko ɗan tef ɗin nan mai launi uku suka zagaya masa a damtse. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa, sama da haka kore. Nasa ya faɗa cikin ja. Malamar ta danna masa bayan ƙafa da babban yatsa ta ga ko rami zai zauna, Allah ya taimaka babu kumburi. Sai ta yage bakin ƙunshin gyaɗar nan, Plumpy'Nut, ta ce a gwada shi. Ashe jarrabawa ce: in ya ci, a ba ku na sati ku koma gida, in ya ƙi ko akwai wata cuta mai tsanani, sai kwanciya a CRENI, sashen asibiti na yara masu tamowa mai tsanani, a fara da madarar magani ta F-75. Ya lasa, ya yi shiru, ya sake buɗe baki. Ban taɓa jin daɗin ganin mutum yana cin abinci kamar ranar ba, har da kai a walimar auren Sarkin Barci. Tana rubutu a karne tana faɗa, wai ku mutanen ƙauye sai yaro ya kai gargara kuke kawo shi. Auta ta sunkuyar da kai. Ni ma na yi gum, don ni ba mutumin ƙauye ba ne kuma wata goma ban tambaya ba.

Da dare na zaunar da ita na ce me yaron yake ci. Ta ce nono, sai fura. Ka san furar wannan lokaci, farau-farau, in ka leƙa ƙwarya kana hango gindinta. Rumbu ya ƙare tun kafin ruwan shuka. Mijin ya tafi ci-rani Kano, ya dawo ya yi shuka da noman fari ya sake komawa. Ita ce daka, ita ce rijiya, ita ce itace, ita ce gona, yaron yana hannun yayarsa mai shekara bakwai tun hantsi har azahar. Na ce ba kuna da zabi ba? Ta ce akwai. Ƙwan fa? Ta dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya daɗe a birni. Ƙwai na ranar kasuwa ne, Yaya, da shi ake auno tiyar hatsi. Gyaɗar ma haka, a matse mai a sayar, a soya ƙuli a ɗora wa yarinya talla.

Nan jikina ya yi sanyi, Dogo. Duk sati sai na biya Kasuwar Dole na sayo ƙwan zabi, Madam ta dafa ta murmushe wa takwaranka a kunu, yau da garin wake, gobe da zogale ko ɗan kifi. Daga wane gida ƙwan yake fitowa? Daga irin gidan Auta. Na sha zama a fada ina zuba bayani cewa jahilci ne, wai mutanenmu sun ce yaro in ya ci ƙwai zai yi sata. Ana faɗin haka, ban musa ba, Inna ma ta faɗa. Amma Auta ba ta kawo mini zancen sata ba, lissafi ta yi mini, kuma lissafinta daidai ne: ƙwai ya shiga cikin mutum ɗaya, ko hatsi ya shiga cikin mutum shida.

Kai kuma na ga hotonka na Sallah. Wannan tumbin na mene ne? Mutumin da muka raba gari da ƙuli a lakwal shi ne yanzu babbar riga ba ta rufe shi. Ka ce wa uwargida ta rage hannu. Af, Mushe, malamin nan na lissafi, ya ƙara aure, ta uku, yarinyar daga Mirriya. An ce ranar ɗaurin aure ya rina gemu har ya ɓata wuyan riga. Kar ka ce ni na gaya maka.

Ina muka tsaya? Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ƙunshin nan. Giram 92 ne kacal, kalori 500, kuma ba wani abin mamaki a ciki: gyaɗa, sukari, mai, garin madara, sai sinadaran bitamin. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, mu kuma muka san shi sosai a 2005, bayan fari da farar 2004, lokacin da muke wucewa muna ganin layin mata da goyo. Yanzu har a Yamai ɗinku ana yin sa. Ka duba fa, ƙasar Magarya da Matamaye, inda tun zamanin Nasara ake lodin gyaɗa ana fita da ita, nan ne yaro zai jira sai damtsensa ya shiga ja kafin gyaɗa ta dawo masa cikin leda mai ƙyalli da sunan magani. Tun 2006 aka ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, to amma kuɗin mota daga ƙauye, da yinin gona da za a rasa, wa ke biya? Kuma wanda ya rame a gani shi ne mai sa'a. Fiye da huɗu cikin goma na yaran Nijar tsumburewa suke yi, ba sa kai tsawon shekarunsu, mu da Maraɗi muna gaba a wannan. Su ba mai ba su ƙunshi, sai a ce ai gajartar gado ce.

Can gefe kuma ga maƙwabcina Alhaji, ka san shi, mai gidan bene. Amaryarsa ta haihu, lafiyarta ƙalau, nono har yana zuba, amma tun sati biyu aka haɗa jariri da madarar gwangwani daga farmasi, wai ita ce ta wayayyu. Su dai suna da firiji da ruwan roba. Abin haushin, mai yi musu wanki ta gani ta ɗauka abin arziki ke nan, ta dinga sayen garin madarar shayi na ƙulli tana damawa da ruwan ga-ruwa, a garin da ka san yadda muke da ruwa. Zawo ya kusa tafiya da ɗanta. Alhali abin da likita ke cewa, nono zalla wata shida ko ruwa babu, a ci gaba har shekara biyu, bai fi ƙarfin kowa ba a baki. Shekara biyun ma tana cikin Baƙara, mun karanta a allo. Sai dai mai shayarwa ita ma sai ta ci, kuma Auta in ka ga wuyanta za ka san kunun kanwar jego ne abin kirki na ƙarshe da ta sha.

Shekaranjiya na shigo na tarar Auta ta lakato gyaɗar da yatsa tana sa wa 'yarta ta tsakiya, mai shekara uku, a baki. Har na buɗe baki zan yi faɗa, don an ja mana kunne cewa magani ne, na mutum ɗaya. Sai na ga yadda yarinyar ta riƙe yatsan da hannu biyu. Na juya na fita, na sayo ƙwai goma da tiyar wake.

Jiya aka koma awo, tef ya taɓa ruwan ɗorawa. Yau da safe ya fizge wa takwaranka cokali, aka yi kuka, Inna har da guɗa. Yanzu rigimar ita ce Auta ta ce hatsi ya nuna, za ta koma girbi. Madam ta ce ba inda za ta sai an sallame shi. Ni ina tsakiya, kuma ban san me zan riƙa aika mata duk wata ba wanda ba zai ƙare a kasuwa ko a cikin mutum shida ba. Madam ta ce garin Misola, wanda ake haɗawa da hatsi da waken soya da gyaɗa. Ka tambayar mini uwargida, ita da ta yi aikin, ko ya fi wanda za mu soya mu niƙa da kanmu.

Batirin tocila ya fara ja. Ka gaida kowa, ka shafa mini kan yara. Inna ta ce alkakinka na nan, in ba ka zo kafin sanyi ba Mushe za ta ba, ya kai wa amarya.

Naka,
Baban takwaranka