Fukar ɗana da turaren uwargida

Assalamu alaikum Hajiya, ina gaishe ki da masu sauraro. Daga Garin Malam nake, nan Damagaram. Don Allah kada ki faɗi sunana.

Ɗana shekararsa 7, fuka gare shi. Daren Talata ya kusa tafiya. Numfashinsa na fito, fatar tsakanin haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, ko "Inna" ba ya iya ƙarasawa. Na fesa masa Ventoline, shuɗin nan, bai lafa ba. Maigida yana ɗakin uwargida, ranar girkinta ce. Ɗan kabu-kabu maƙwabcinmu ya kai mu likita, aka sa masa iska da maganin nan mai tururi har asuba.

Lokotoro ya yi ta mini faɗa gaban mutane, wai ya gaji da ganinmu a ɗakin gaggawa. Ya ce shuɗin buɗe hanyar iska kawai yake na 'yan sa'o'i, kumburin ciki yana nan. Wanda ke kwantar da kumburin shi ne ɗayan, ruwan ƙasa, da ake shaƙa kullum ko yaro yana lafiya, kuma masu barinsa su ne ke yawan dawowa da dare. To Hajiya, da me zan saya? Da yana ƙasa da shekara 5 gwamnati ta ɗauke mana kuɗin likita, yanzu ya wuce. Na kai wa maigida takardar magani, ya ce yaron da ke guje-guje a lakwal ba a saya masa magani, kuma wai in ya saba da abin fesawa ba zai rabu da shi ba. Uwarsa ce ta faɗa masa haka, ta aiko da jiƙo. Amma jika goma ya ba da gudummawar biki a satin.

Na manta ban faɗa ba, ɗakunanmu katanga ɗaya ne da na uwargida. Tun da hunturu ya shigo, ga hazo ga sanyi, ita kuwa kowace magariba sai ta zuba turaren wuta a kasko a bakin ƙofa, ta kunna maganin sauro. Na roƙe ta da girma da arziki, ta ce kishi nake don ta fi ni ƙamshi. Ta san yaron na tari, ta sani sarai. Ita ba ta da ɗa namiji, ban dai ce komai ba. Ni icen girkina ma can bayan gida nake hurawa, ko da ana cewa shi ma hayaƙi ne.

Yanzu maigida ya ce sakacina ne. Mahaifiyata a Mirriya ta ce in kawo mata yaron, amma can in abin ya tashi tsakar dare wa zai kai su? In na bi shi kuma a ce na yi yaji. Hajiya, in na sayar da akuyata na sayi maganin ba da saninsa ba, na saɓa wa miji? Uwargida kuma wa zai yi mata magana ta ji?