Sanarwa Kan Rigar Ruwa Kafin Fitarmu

Assalamu alaikum ƴan uwa, da fatan kowa yana lafiya.

Kasancewar fitarmu ta hawan dutse da kwanan zango za ta faɗo cikin damina, kwamiti ya wajabta wa kowa ya zo da rigar ruwa, irin mai faɗin nan da ake zurawa ta kai, domin tana rufe mutum har da jakar da ya goya.

Amfaninta bai tsaya nan ba. Idan aka ƙulle wuyanta, aka ɗaure kusurwoyi biyu a jikin bishiyoyi, sauran biyun kuma aka kafe su a ƙasa ta ɓangaren da iska ke kaɗowa, ta zama rumfa; sai dai a ja ta sosai, kada ruwa ya kwanta a tsakiya. Ana kuma shimfiɗa ta ƙarƙashin tanti don tare danshi, amma kada gefenta ya leƙo waje, in ba haka ba ita ce za ta jawo ruwan ƙarƙashin mai barci. Ruwan sama da aka tara da ita a tafasa kafin a sha. A nisanta ta daga wuta, domin narkewa take yi nan take.

Za mu haɗu ranar Asabar da ƙarfe 4 na yamma don gwada ɗaurin rumfa. Kowa ya zo da rigarsa, da igiya mita 10, da turaku 4. Wanda bai da rigar ya sanar da sakatare kafin Alhamis.

Allah Ya kai mu lafiya. Mun gode.

Sakataren rukuni