A buɗe wa ma'aikatan jinya fagen kula da lafiyar ma'aikata a asibitocin soja

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai farin jini, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in yi magana a kan wani reshe na aikin jinya da ba kasafai ake ambatonsa ba, wato kula da lafiyar mutum ta fuskar sana'ar da yake ci da ita, musamman a asibitocin sojoji. Na daɗe ina aikin jinya a matsayin farar hula a wani asibitin bariki kafin in yi ritaya, kuma abin da ya zaburar da ni ga wannan rubutu shi ne hirar da muka yi da 'yar ƙanwata, haifaffiyar Amurka, wadda ke aiki a sashen lafiyar ma'aikata na wani sansanin soja a can. Tana ba ni labarin aikinta, ni kuwa hankalina ya koma kan wani saje da na yi wa jinya shekaru da dama da suka wuce.

Sajen nan mai koya wa kurata harbi ne. Yakan zo da katinsa duk bayan 'yan makonni yana kukan ciwon kai da rashin barci, yana cewa kunnensa na kuka dare da rana kamar gyare ya shige ciki. Mu kuma sai mu auna jininsa ko da zazzaɓin cizon sauro, a ba shi maganin ciwon kai, ya sara mana ya tafi. Na lura cewa duk lokacin da na yi masa magana sai ya karkato kunnen dama ya ce, "Na'am, Sista?", amma ban taɓa haɗa wannan da aikinsa ba, domin ba a koya mini in haɗa ba. Sai daga baya na fahimci cewa mai saɓa bindiga a kafaɗar dama, kunnensa na hagu ne ke fuskantar bakin bindigar, shi ya sa shi ke fara mutuwa. Da wani daga cikinmu ya zaunar da shi ya tambaye shi harsashi nawa ake harbawa a gefensa kowane mako, da ko yana toshe kunnensa, da tun da wuri an gane inda gizo ke saƙar. Wannan tambaya ta "wane aiki kake yi?" tsohuwa ce ƙwarai, don tun shekarar 1700 wani likita ɗan Italiya mai suna Ramazzini ya shawarci likitoci su riƙa yi wa majinyaci ita, kuma a kanta aka gina ilmin lafiyar ma'aikata baki ɗaya.

Masana sun yi ittifaƙi cewa ƙarar da ta kai desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), in mutum yana cikinta awa takwas kullum, tana cin jinsa sannu a hankali, ƙarar harbin bindigar soja kuwa takan haura desibel 150 a lokaci guda. Ƙananan gasun da ke can ƙuryar kunne, waɗanda su ne ke ɗaukar sauti, in suka lalace ba sa sake tsirowa. Saboda haka a Amurka kukan kunne ne ke kan gaba a jerin larurorin da ma'aikatar tsofaffin sojoji ke biyan diyya a kansu. Harbi kuma ɗaya ne kawai daga cikin ayyukan bariki. Akwai makanikan da ke wanke hannu da fetur, da masu walda da fenti, da masu gyaran batir, da masu gadin janareta, da masu aiki a gindin jirgin sama injinsa na ruri, da 'yan kwana-kwana, kai har da mu ma'aikatan asibitin kanmu da allurar da aka yi wa majinyaci kan soke mu. Yawancin waɗannan mutane ba za su taɓa ganin fagen daga ba, amma aikinsu na yau da kullum yana ɗibar lafiyarsu kaɗan-kaɗan.

Matsayin da 'yar ƙanwata ke riƙe da shi, can suna kiransa nas firaktishina, ma'ana ma'aikaciyar jinya da ta yi karatu mai zurfi har doka ta ba ta ikon duba majinyaci, ta tura shi gwaji, ta faɗi abin da ke damunsa, ta kuma rubuta masa magani. An faro wannan mataki a shekarar 1965 a Jami'ar Kolorado, a hannun wata malamar jinya Loretta Ford da wani likitan yara Henry Silver, saboda ƙarancin likitoci a yankunan karkara, kuma a yau masu wannan lasisi a ƙasar sun haura dubu 300. Hanyar kaiwa gare shi doguwa ce: digirin farko a aikin jinya, da lasisin aiki, sannan digiri na biyu ko na uku, sannan jarrabawar hukumar ƙwararru. Sojojin ƙasar suna da jami'ar kiwon lafiya tasu a garin Bethesda, wadda ta buɗe makarantar manyan ma'aikatan jinya a 1993.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ranarta ke tafiya. Masu zuwa wurinta galibi lafiyarsu ƙalau a ido. Wanda zai fara aiki a wuri mai ƙara, sai an auna jinsa an ajiye sakamakon, sannan kowace shekara a sake aunawa a kwatanta da na farkon, in an ga ya fara zamewa a binciki dalili tun shi kansa bai ankara ba. Wanda zai riƙa sanya takunkumin tace iska sai an tabbatar huhunsa da zuciyarsa za su ɗauka. Masu sharar ɗakin koyon harbi ana ɗibar jininsu a duba yawan dalmar da ke ciki, kuma mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan haɗarinta. Wani lokaci takan bar ofis ta bi masu auna ƙura da ƙara zuwa gareji ko rumfar jirage don ta ga aikin da idonta. Sannan, kuma wannan shi ne ƙashin bayan zancen, in ta rubuta cewa a ɗauke wane daga wannan aiki na wata uku, shugabansa ba ya ɗaukar maganarta da wasa. Amurkawan ma sai da suka sha wuya kafin su kai nan, domin daga 1953 zuwa 1987 mazauna sansanin soja na Lejeune sun yi ta shan ruwan da sinadarai suka gurɓata, sojojinsu kuma sun shaƙi hayaƙin ramukan ƙona shara a Iraƙi da Afganistan, har sai da aka kafa doka a 2022 don kula da waɗanda abin ya shafa.

Kafin matasanmu su fara haɗa kaya, bari in ja musu kunne. Guraben aikin gwamnatin tarayyar Amurka a asibitocin soja, kusan duka sai ɗan ƙasa ake ɗauka, bayan an yi masa binciken tsaro, kuma kafin ma a zo nan sai mutum ya ci jarrabawarsu ta lasisin jinya ya yi digirorin da na ambata. Duk dillalin da ya ce a ba shi kuɗi zai samo irin wannan aiki daga nan Kano ko Kaduna, ɗan damfara ne. Ban rubuta wannan wasiƙa don in ƙara wa masu ficewa ƙwarin gwiwa ba, tun da hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma ta ƙasa da kanta ta bayyana a farkon 2024 cewa sama da ma'aikatan jinya dubu 42 sun bar Najeriya cikin shekara uku. Kuɗi na cikin abin da ke korar su, ba shakka, amma na zauna da da yawa daga cikinsu, kuma akwai wani ƙorafin da suke maimaitawa: mutum ya shekara ashirin yana aiki, ya san abin da ke damun majinyaci tun daga bakin ƙofa, amma hanyar ci gaban da ta rage masa ita ce ya zama mai tsara jadawalin aiki da sa hannu a takardun hutu.

Mu ma ba daga ƙasa za mu fara ba. Muna da manyan asibitocin soja irin su na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas, sojojin ƙasa da na sama suna da kwalejojin koyar da jinya nasu, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan kuma yana da makarantar da ke horar da ma'aikatan jinya a fannin lafiyar ma'aikata. Wuraren da za a yi aikin su ma ga su nan birjik, daga masana'antar ƙera makamai ta Kaduna da aka kafa a 1964, zuwa sansanonin jiragen yaƙi na Makurɗi da Maiduguri da Kainji, zuwa wurin gyaran jiragen ruwa na Legas. Abin da ya rage shi ne matakin da doka ta amince da shi, mai albashinsa da girmansa da iyakar ikonsa a rubuce, yadda nas da ta yi wannan karatu za ta san cewa in ta dawo bariki aikin da ta koyo za ta yi, ba za a mayar da ita ɗakin allura ba.

Na san wasu likitoci za su ce ana son a shiga gonarsu, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce, don rubuta magani ba wasan yara ba ne. Amma a duba, tun tuni jami'an lafiya na matakin farko ke duba majinyata a ƙauyukanmu bisa ƙa'idojin da aka rubuta musu, kuma a 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar raba ayyuka tsakanin ma'aikatan lafiya saboda ƙarancin hannu. In an yarda da haka a asibitin ƙauye, ban ga abin da zai hana a yarda wa mai digiri biyu ta auna ji da huhu da jini a bariki ba, ta tura wa likita abin da ya fi ƙarfinta. Likitan sojan da ke fama da masu raunin harsashi da na bam daga arewa maso gabas ba shi da sararin da zai bi gareji yana duba hannun makanikai. Matsalar da ta fi wannan wuya a ganina ita ce ta muƙami, domin a bariki igiya ce ke magana, kuma in ba a rubuta a dokar aiki cewa shawarar sashen lafiya ta hau kan kowa ba, ƙaramar hafsa ba za ta iya duban kwamanda ta ce a janye mutuminsa daga fagen harbi ba.

Akwai kuma batun diyya. Dokar biyan ma'aikata diyya ta 2010 ba ta shafi sojoji ba, sai dai fararen hular da ke aiki tare da su, saboda haka soja ya dogara ne ga tsarin rundunarsa da abin da ke cikin fayil ɗinsa. In babu awon jin da aka yi masa ranar da ya shiga Defot ta Zariya, aka adana, aka riƙa kwatantawa shekara bayan shekara, to ranar da ya ajiye kaki ba shi da hujjar da zai nuna cewa aiki ne ya kurumtar da shi, sai a ce tsufa ne. Haka ta faru da sajen da na ba da labari. Na haɗu da shi a kasuwa bayan ya yi ritaya, ɗansa na riƙe da hannunsa yana maimaita masa gaisuwata da ƙarfi a kunnen dama.

Ina kira ga hedikwatar tsaro da hukumar kula da ma'aikatan jinya da ungozoma da su zauna tare su tsara wannan mataki, ko da za a fara gwada shi ne a manyan asibitocin soja biyu ko uku, a tura ma'aikatan jinya karatu da alkawarin cewa gurbinsu na jiran su, a sayi na'urorin awon ji da na huhu, a kuma buɗe wa kowane soja da farar hula mai aiki a wuri mai haɗari fayil ɗin da zai bi shi duk barikin da aka mayar da shi.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Daga wata ma'aikaciyar jinya mai ritaya,
Kaduna.