Sanarwa ga ƴan kwamitin sulhu kafin zaman ƙabilun biyu

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Kada a tara ɓangarorin wuri guda tun ranar farko. A fara zama da kowanne shi kaɗai, ya amayar da abin da ke cikinsa, a rubuta asarar da ya lissafa: gona, shanu, rumfar kasuwa.

Ranar haɗuwa kowane ɓangare ya kawo wakilai biyar, da mace da matashi a ciki. Matasan nan su ke ɗaukar gora, in an bar su a waje yarjejeniyar dattawa ba ta kwana biyu. Wurin zama ya kasance makarantar firamare ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ban da fadar sarkin ɗaya daga cikinsu. Tafinta biyu, kowa da nasa, don kalma ɗaya in ta karkace sai zama ya watse.

Waya a aljihu. Guntun bidiyo da ya fita yakan rusa aikin wata guda.

Yarjejeniyar zaman lafiya da aka yi a Kafanchan, Kudancin Kaduna, a 2016, ƙabilu 29 suka sa mata hannu a rubuce. Mu ma a rubuta, da sunan wanda za a kira idan an kama ɓarawo, da ranar zama na gaba.