Zuwa ga Auta, a kan maganar kurkum

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yaran. Mu nan sai godiya.

Gwaggonki ta dawo ranar Laraba, kuma ba ta ɓoye min komai ba. Ta ce kin ajiye maganin hawan jininki tun bayan arba'in, kin koma haɗiyar wasu ƙwayoyin kurkum da kika saya a intanet, safe da dare. Da ta yi miki magana, wai sai kika ce ai Umma ma da kurkum ta raine mu.

Da shi na raine ku, ban musa ba. Madara mai ɗumi, rabin ƙaramin cokali na garinsa, citta, ɗan masoro da kirfa, idan ta huce a sa zuma. In mura ta kama ku shi nake ba ku, kuma har gobe ina sha saboda gwiwar nan. Mutanen Indiya, da suka fi kowa nomansa a duniya, tun kaka da kakanni haka suke sha. Sinadarin da ke ba shi launi, kurkumin, yana rage kumburi, an gwada shi a kan masu ciwon gwiwa wasunsu sun samu sauƙi. Sai dai ɗan kaɗan ne a cikin garin, kamar kashi 2 zuwa 5 cikin 100, hanji kuma ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo da masoro. Shi ya sa kofin da nake ba ku bai taɓa kwantar da kowa ba.

Ƙwayar da ke hannunki zancenta daban. Tace sinadarin ake yi a dunƙule shi, sau da yawa har a ƙara masa abin da zai sa ya shiga jini ninkin ba ninki. A 2019 an samu mutane a Italiya da hantarsu ta kumbura bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2023 hukumar magunguna ta Ostireliya ta fitar da gargaɗi a kansu. Ga ki kina shayarwa. In kin ga fitsarinki ya yi duhu ko idonki ya yi ɗorawa, kada ki ce shawara ce ki nemi jiƙo, asibiti za ki.

Amma Auta, ba hantar ce ta hana ni barci ba. Maganin da kika ajiye ne. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo, mutum na cikin dariya zai faɗi. Ke kika riƙe kan Yaya Babba a bayan mota ranar nan, ke kika riƙa ba ta koko da cokali har ƙarshe. Ita ma cewa ta yi ta ji sauƙi. Yanzu ki ce min wata yarinya mai tallar kwalba a waya ta fi likitan da ya auna ki sanin jininki? Da iliminki? In ke ba ki tausayin kanki, wa kike so ya riƙe 'ya'yan nan, ni da nake sallah a zaune? Na yi aikin jinya har na yi ritaya, ban taɓa ganin kurkum ya maye gurbin maganin hawan jini ba, kuma ba za a fara gwaji a kan 'yata ba.

Na san kin gaji da haɗiyar ƙwaya kullum, na san kuma kuɗinta ya tashi. Da kin faɗa min, ai da ba a kai nan ba. Babanku ya ce daga wannan watan shi zai riƙa saya, kada ki ji nauyi.

Gobe ki je a auna ki, ki tafi da kwalbar nan likita ya karanta abin da ke jikinta, sannan ki turo min hoton awon. Zan ba Baffanku busasshen kurkum ya kawo miki ranar Juma'a, ki daka da kanki, don na kasuwa wani ana zuba masa kala. Na sa kuka da daddawa a ciki. Ki gaida maigidan, ki shafa min kan yaran. Allah Ya yi miki albarka.

Ummanki