Amsa ga Malamin da ya tambayi wanda ke biyana

Assalamu alaikum Malam,

Na ji tambayoyin da ka jefo mini a bainar jama'a bayan na yi kira ga gwamnatoci su rungumi manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke iya karantawa da gyara rubutun da aka gina su da shi. Ka ce in abin na da kirki, me ya sa birnin Munich na Jamus, da ya rungume su, ya koma Windows? Ka ce yaya za a ɗora asirin ƙasa a kan manhajar da kowane ɗan kutse zai iya karanta cikinta? Sai ka rufe da tambayar ko wa ke biyana. Da ita zan fara, don ita ce ta sosa mini rai.

Babu mai biyana. Duk wanda ya yi aiki da ni ya san ban taɓa kai wa wata ma'aikata takardar neman kwangila ba. Kai kuwa sana'arka ke nan, sayar wa ma'aikatu lasisin manhaja duk shekara. Halalinka ne, ban hana ka ba. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, don haka ya kamata ka fara gaya wa jama'a daga ina abincinka ke fitowa kafin ka nuna wani da yatsa.

Kuma ka daina laƙaba mini maganar da ban yi ba. Ban ce a koma don arha ba. Sauya manhaja na cin kuɗi, ga horar da ma'aikata, ga gyaran tsofaffin fayiloli. Damuwata takardun jama'a ne: rajistar haihuwa, takardun filaye, bayanan fansho, hukuncin kotu. Waɗannan za a neme su bayan shekara 50, wasu bayan 100. In an adana su a tsarin da kamfani ɗaya kaɗai ke iko da shi, to gwamnati ta zama 'yar haya a cikin ma'ajiyarta, ran da ta kasa biya ko kamfanin ya sauya ra'ayi sai ta tsaya a bakin ƙofa. Shi ya sa aka samar da buɗaɗɗen tsarin adana takardu na ODF, wanda hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da shi a 2006, kowa na iya rubuta manhajar da za ta buɗe shi ba tare da neman izini ba. Gwamnatin Birtaniya ta zaɓe shi a 2014 don takardun da ake musaya ana gyarawa. Su ma wani ne ya biya su? Dubi abin da ya faru ranar 14 ga Oktoba 2025, da Microsoft ta daina kula da Windows 10 kyauta, alhali miliyoyin kwamfutoci masu lafiya ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Babu majalisar wata ƙasa da aka tuntuɓa kafin a tsayar da ranar.

Labarin Munich kuma rabi ka kawo. Birnin ya yanke shawarar komawa Linux, buɗaɗɗiyar manhaja kishiyar Windows, a 2003, duk da Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, ya je da kansa wurin magajin garin, Christian Ude, da tayin ragi. Zuwa 2013 kusan kwamfutoci 15,000 sun koma. A 2017 majalisar birnin ta zaɓi komawa Windows, wannan gaskiya ne. Amma a 2020 sabon ƙawancen da ya karɓi mulki ya amince a riƙa fifita buɗaɗɗun manhajoji, a nan ka yi shiru. Ba ka ambaci jandarmomin Faransa ba, da suka ɗauki buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta OpenOffice a 2005, suka fara sa Ubuntu, wani nau'in Linux, daga 2008 a dubun-dubatar kwamfutocinsu. Ba ka ambaci jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ba, da ta sanar a 2024 za ta mayar da kwamfutoci 30,000 kan buɗaɗɗiyar manhajar ofis ta LibreOffice da Linux.

Batun tsaro ba zan daɗe a kansa ba, don ka san amsar. Buɗe yadda aka ƙera manhaja daban, buɗe bayanan da ke cikinta daban. Gaskiya ne an samu ɓaraka a buɗaɗɗiyar manhajar Log4j a 2021. Amma muguwar manhajar WannaCry da ta durƙusar da asibitocin Ingila a 2017 ta rufaffiyar Windows ta shiga.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ma'aikata za ta biya ɗan kwangila da kuɗin haraji ya gina mata manhaja, ya tafi da tushen a aljihunsa, gyara kaɗan sai an sake kiransa an sake biya, ma'aikatar da ke maƙwabtaka ita ma ta sayi abu ɗaya daga farko. Jami'ai na sa hannu ba su karanta ba, masu ba su shawara kuma sau da yawa su ne dillalan. Suwizalan ta yi doka da ta fara aiki a 2024, wadda ta wajabta wa gwamnatin tarayya fitar da tushen manhajar da aka gina mata, sai in akwai dalilin tsaro ko haƙƙin wani.

Tunda a gaban jama'a ka tambaye ni, nan nake jiran taka amsar: a cikin kwangilolin da ka kai wa ma'aikatu, akwai wadda ta rubuta yadda za su kwashe bayanansu cikakku ran da suka ce sun fasa sabuntawa?

Wassalam.