Ba mayu ne suka kayar da Makbet ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina so in ja hankalin malaman adabi da ɗaliban da ke shirya wasan Makbet na Shekispiya kan kuskuren da ake yawan yi a kashi na 5: ɗora wa mayun nan uku alhakin faɗuwar sarkin. A duba rubutun da aka fara bugawa a 1623. Fitowarsu ta ƙarshe tana farkon kashi na 4, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Abin da ya rage a dandamali shi ne mutum da aikin hannunsa.

Fitowa ta 1 a kashi na 5 ita ce aka fi ɓatawa. Matar Makbet tana tafiya cikin barci, riƙe da kyandir, domin ta ba da umarni kada haske ya rabu da ita. Ba hauka take yi ba, don haka ihu da yage tufafi ba su da gurbi. Idanunta a buɗe, amma ba ta ganin likita da baiwar da ke leƙenta. Tana murza hannu kamar mai wanki, kuma baiwar ta ce takan yi kwatan awa tana haka. Maganarta guntu-guntu ce: jinin tsohon sarki Dankan da mijinta ya kashe, matar hakimi Makdof da aka kashe, Banko abokin Makbet da ke kabari, ƙwanƙwasa ƙofa. Mai wasa ta bar tazarar numfashi biyu ko uku tsakanin kowanne, in ba haka ba 'yan kallo ba za su gane dare daban-daban ne suke dawo mata ba. Wannan fa ita ce matar da a kashi na 2 ta ce ruwa kaɗan ya isa ya wanke su. Likitan kansa ya ce malamin addini take buƙata, ba shi ba.

Shi kuwa mijin, a fitowa ta 3 yana sa sulke tun ba a zo yaƙi ba, yana zagin yaron da ya kawo labarin sojoji dubu 10. Kada a nuna shi jarumi a nan, borin kunya ne. Hakimansa sun riga sun gudu, waɗanda suka saura tsoro ne ya riƙe su.

A wajen mayu an faɗa wa Makbet ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya tako zuwa Dansinen, inda fadarsa take. Takowar dajin dabarar yaƙi ce kawai: Malkom ɗan Dankan ya sa kowane soja ya sari reshe ya riƙe don a ɓoye yawansu. Reshe ɗaya ga mutum ɗaya ya wadatar, ba sai an cika dandamali da ganye ba.

Inda nake so a tsaya shi ne haɗuwar Makbet da Makdof. Kafin takobi ya fito, Makbet ya ce ya yi ta kauce masa ne saboda jinin iyalin Makdof ya riga ya yi wa ransa nauyi. Masu shiryawa kan yanke wannan layin don a gaggauta faɗa, alhali nan ne nadama ta leƙo daga bakinsa. Mayu ba su ce ya kashe matar Makdof da 'ya'yansa ba, shi ya yanke wannan da kansa. A wajen mayu an faɗa masa babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi. Da ya ji cewa farke cikin mahaifiyar Makdof aka yi aka ciro shi, sai ya ce ba zai yi faɗa ba. Tsoron a ɗaure shi ana nuna shi ga jama'a ne ya sa ya ɗaga garkuwa. A bar masa wannan jinkirin kafin a shigo da yankakken kansa a hannun Makdof.

Naku,
Mai bibiyar shafin adabi